Yadda Ake Ƙidaya Katakon Ƙashin Dandamalin Lambu Kafin A Je Saye

Wanda zai kafa dandamalin katako a lambunsa yakan zo da tambaya ɗaya: "Filina ƙafa 16 ne da ƙafa 12, katako nawa zan saya?" So yake a buga tsawo sau faɗi a ba shi lamba. Wannan lissafin yana yi wa mai sayen fenti ko tayil amfani, amma ba ya yi wa mai sayen katakon ƙashi, wato katakan ƙarƙashi da ke ɗauke da dandamalin. Dandamali biyu suna iya zama faɗi ɗaya, amma ɗaya ya ci katako fiye da ɗayan nesa ba kusa ba, saboda inda aka kafa ginshiƙai da inda katakon shimfiɗa ya fuskanta. Katakon ƙashi ƙidaya shi ake yi guda-guda daga zane, kowanne da sunansa, kaurinsa da tsawonsa.

Bari mu raɗa wa sassan suna tukuna don mu fahimci juna. Katakon shimfiɗa shi ne wanda ake takawa. Ƙarƙashinsa akwai katakai da aka jera a tsaye kan gefensu, su zan riƙa kira haƙarƙari, don haka suke kama. Haƙarƙarin suna kwance kan babban katako mai ɗaukar nauyi, wanda magina ke ce wa bim. Bim yana zaune kan ginshiƙai, su kuma suna tsaye kan kankare. Idan dandamalin ya jingina da gida, akwai katakon bango da ake ɗaure wa jikin ginin. A ɗaya ƙarshen kuma akwai marufi, wanda ke toshe bakin haƙarƙarin. Sai 'yan guntayen tokara da ake cusawa a tsakaninsu. Nauyi daga sama yake gangarowa ƙasa, don haka lissafi ma daga sama za mu fara.

Mataki na farko: zane, da awon da ya dace da katakon kasuwa

Ɗauki takarda ka zana dandamalin kamar kana kallonsa daga sama. Misalinmu daga nan har ƙarshe shi ne ƙafa 16 a jikin bango, ƙafa 12 daga bango zuwa cikin lambu, tsayinsa daga ƙasa ƙafa 4.

Da gangan na zaɓi waɗannan lambobi. Katako yakan zo da tsawon ƙafa 8, 10, 12, 14 ko 16, a inda ake awo da mita kuwa 2.4, 3.0, 3.6, 4.2 da 4.8. Wanda ya ce dandamalinsa sai ya fito ƙafa 13 daga bango, dole ya sayi mai ƙafa 14 ya datse ƙafa guda daga kowane haƙarƙari ya zubar. Idan wurin bai matse ka ba, ka sa awon dandamalin ya bi tsawon katako, kada ka sa katako ya bi son ranka.

Akwai kuma abin da ke yaudarar sabon shiga: sunan katako daban, ainihin girmansa daban. Wanda aka goge a inji, in an ce 2x8 ne, wato inci 2 da 8 a suna, kaurinsa inci 1½ ne, faɗinsa 7¼. Na 2x6 inci 1½ da 5½ ne, na 2x10 faɗinsa 9¼, na 2x12 kuma 11¼. Ginshiƙin 4x4 inci 3½ ne ta kowane ɓangare, na 6x6 kuma 5½. Katakon da ya fito daga zarto ba a goge ba yakan fi kusa da sunansa. Saboda haka ka ɗora tef kan irin wanda za ka saya kafin ka fara ragi da ƙari. Ni da awon gogagge zan yi aiki a nan.

Mataki na biyu: haƙarƙari

A nan mafi yawan katakon yake, a nan kuma ake fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe.

Haƙarƙari suna gicciye katakon shimfiɗa ne. Idan shimfiɗa ta bi tsawon bango, haƙarƙari za su taso daga bango su nufi lambu. Tazarar da aka saba bari ita ce inci 16 daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar na kusa da shi, wato kusan santimita 40. Kula da kalmar tsakiya. Ba sararin da ke tsakaninsu ake nufi ba, shi wannan inci 14½ ne, kuma za mu buƙace shi nan gaba.

Mayar da ƙafa 16 zuwa inci, ka samu 192. Raba da 16, ka samu 12. Amma 12 ɗin nan yawan sarari ne, ba yawan katako ba. Ɗaga hannunka ka duba: yatsu biyar, sarari huɗu. Don haka kullum a ƙara ɗaya. Haƙarƙari 13 ke nan. In da mita kake aiki, milimita 4,800 a raba da 400, a ƙara ɗaya, 13 ɗin dai za ka tarar. Idan rabon bai fita daidai ba, a ce 12.4 ya ba ka, ka ɗaga shi zuwa 13 sannan ka ƙara ɗayan, kada ka saukar.

Idan kana sha'awar shimfiɗa a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, to kowane katako zai yi tafiya mai nisa kafin ya sami abin dafawa, dole a matso da tazarar zuwa inci 12. Nan take 13 ya koma 17. Katakon shimfiɗa na roba da garin itace ma yana da tasa tazarar da masu yin sa suke rubutawa, a duba. Haka nan duk inda katakon shimfiɗa biyu za su haɗu baki da baki, gara a ninka haƙarƙari a wurin domin kowane baki ya sami mazauni. A misalinmu shimfiɗar mai ƙafa 16 ce, babu haɗi.

To wane kauri za a saya? Wannan ya danganta da nisan da haƙarƙari zai yi a sarari ba abin da ya tokare shi. Ba da ido ake yanke wannan ba, akwai jadawali. A Amurka, kundin dokokin gina gidaje da ake kira IRC ya ɗauka cewa kowace ƙafa murabba'i za ta ɗauki laba 40 na mutane da kaya, da laba 10 na nauyin katakon kansa. Jimla laba 50, kusan kilo 244 a kan mita murabba'i. A kan wannan, itacen fayin (pine) na kudancin ƙasar mai daraja ta biyu, in an jera shi a tazarar inci 16, 2x6 yana ƙetare ƙafa 9, 2x8 ƙafa 11 da inci 10, 2x10 kuma ƙafa 14. Wani itacen bai kai haka ƙarfi ba, wani ya fi. Ka nemi jadawalin irin itacen da ke hannunka da dokar ginin inda kake, waɗannan lambobin don koyon lissafi na kawo su.

Da za mu sa bim can ƙarshen ƙafa 12, da 2x8 ya tsaya a bakin iyakarsa, abin da ba na so. Dabarar ita ce a matso da bim ciki, a kafa shi ƙafa 10 daga bango, a bar haƙarƙarin su zarce shi da ƙafa 2. Ƙa'ida ita ce zarcewar kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nisan da ke bayanta. Kwatan ƙafa 10 ƙafa 2½ ne, mu kuwa 2 muka ɗauka. Da wannan 'yar matsowa an kauce wa sayen 2x10 guda 13, ginshiƙai kuma sun ɓuya a ƙarƙashi, abin ya fi kyan gani.

Saura tsawo. Ƙafa 12 inci 144 ne. Cire inci 1½ na katakon bango da 1½ na marufi, saura 141, wato ƙafa 11 da inci 9. Mai ƙafa 12 za a saya, ragowar inci 3 kuma ta ba da damar datse bakin da ya tsage. Rubuta: 2x8 mai ƙafa 12, guda 13.

Mataki na uku: katakon bango, marufi da tokara

Na bango da marufi ba su da wahala: kowanne 2x8 mai ƙafa 16, guda ɗaya. Amma ka tsaya ka dubi bangon. Rabuwar katakon bango da gini na cikin manyan dalilan ruftawar dandamali, kuma ƙusa kaɗai ba ta riƙe shi, sai noti ko babban sukuru mai kaurin rabin inci. Idan bangon na bulo mai rami ne, ko kwalliyar jan bulo ce kawai aka yi wa fuskar gini, kada ka rataya masa nauyi. Ka bar dandamalin ya tsaya da ƙafafunsa: a sa bim na biyu da ginshiƙansa kusa da bango. In haka za ka yi, duk abin da za mu ƙidaya a mataki na gaba ka ninka shi biyu.

Tokara tana hana haƙarƙari kifewa ko murɗewa idan sun bushe. Layi ɗaya a saman bim, ni kuma nakan ƙara wani a tsakiyar ƙafa 10 ɗin nan, don yana rage rawar dandamali in ana tafiya a kai. Sarari 12 a kowane layi, layi biyu guntaye 24, kowanne inci 14½. Kar ka manta zarto ma yana da nasa rabon, kowane yanka yakan ci kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci. Mai ƙafa 8 yana ba da guntaye 6, don haka guda 4 sun isa. Mai ƙafa 16 guda biyu ma daidai ne, sai dai ɗaukar gajeren ya fi sauƙi, kuma dogon katako miƙaƙƙe bai kamata a ɓarnatar da shi a yanka gunduwa-gunduwa ba. Kada ka yanka su duka tun farko. Sararin gefe yakan ɗan fi sauran ƙanƙanta, kaurin katako kuma ba ya zuwa daidai wa daida, a auna kowane gurbi a wurin aiki.

Mataki na huɗu: bim da ginshiƙai

Bim yawanci katako biyu ko uku ne ake mannawa su zama ɗaya. A jadawalin bim na kundin IRC, 2x10 guda biyu a haɗe na wancan itacen fayin, masu ɗauke da haƙarƙarin ƙafa 10, suna ƙetare ƙafa 8 tsakanin ginshiƙai. Namu ƙafa 16 ne. Mu kafa ginshiƙi uku: a shigo da na gefe ƙafa ɗaya-ɗaya daga baki, na uku a tsakiya. Ƙafa 1, 7, 7, 1. Rubuta: 2x10 mai ƙafa 16, guda 2. Da bim ɗin ya fi katakon da ake samu tsawo, sai an yi haɗi, kuma haɗi a kan ginshiƙi kawai ake yin sa. Wannan kan sauya tsawon da za ka saya, don haka a zane ake warware shi.

Domin ka san abin da ginshiƙin tsakiya yake ɗauka: rabonsa ƙafa 7 ta tsawon bim, da ƙafa 7 ta ɗaya ɓangaren, wato rabin 10 da zarcewar 2. Ƙafa murabba'i 49 sau laba 50 ya ba da laba 2,450, fiye da tan ɗaya a kan itace guda. Shi ya sa nake zaɓar 6x6 ko da doka ta yarda da 4x4 a gajeren tsayi. Ya fi jure murɗewa, kuma akwai naman da za a sassaƙa wa bim mazauni.

Tsawon ginshiƙi ragi ne daga sama zuwa ƙasa. Tsayin dandamali inci 48. Cire inci 1 na shimfiɗa, 7¼ na haƙarƙari, 9¼ na bim, da kamar inci 3 na kan kankare da ƙarfen da ke ɗaga ginshiƙi daga danshi. Saura 27½. Uku sun kama inci 82½, mai ƙafa 8 guda ɗaya ya wadatar. Amma in za ka sassaƙe kan ginshiƙin bim ya zauna a cikin kafaɗarsa, kowanne zai ƙaru da 9¼, jimla ta haura inci 110, sai mai ƙafa 10. Ka ga yadda salon haɗi kaɗai ya sauya abin saye.

Duk wannan in ƙasar lebur take. Ni na taɓa yarda da idona a wani lambu da na rantse shimfiɗaɗɗe ne, na yanka ginshiƙai uku tsawo ɗaya, da aka ja igiya sai na ƙarshe ya tsaya yana kallon bim daga nesa. Ja igiya a tsayin da kake so, ka daidaita ta da ma'aunin ruwa, ka auna daga igiya zuwa ƙasa a gurbin kowane ginshiƙi. Ka kuma bar wa kowanne rarar 'yan inci, a datse bayan an tsayar da shi.

Tun da muna maganar igiya: fili mai ƙafa 12 da 16, in kusurwoyinsa sun miƙe daidai, daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta ƙafa 20 ne cif. Auna ta ɓangarorin biyu kafin a haƙa rami.

Mataki na biyar: matakala da shinge

Su ne ake mantawa har sai an gama a rasa ta inda za a hau. A dokar IRC tsayin taki ɗaya ba ya wuce inci 7¾, faɗin wurin taka ƙafa kuma ba ya gaza inci 10. Raba 48 da 7¾, ka samu 6 da 'yan kai, a ɗaga zuwa 7. Kowane hawa ya zama ɗan ƙasa da inci 7. Da yake dandamalin kansa shi ne hawa na ƙarshe, wuraren takawa 6 ne, sun ci inci 60 a ƙasa. Katakon da ake yanka wa haƙora kamar na zarto ya riƙe matakalar, tsawonsa a karkace tsakanin 48 da 60 kusan inci 77 ne. Ƙara masa ƙafa guda don yankan sama da na ƙasa, mai ƙafa 8 ya isa. Dole 2x12 ne, saboda bayan an cire haƙoran naman da ya rage kaɗan ne. Matakala mai faɗin ƙafa 3 tana son guda 3, ɗaya a kowane gefe, ɗaya a tsakiya.

Dandamalin da ya haura inci 30 daga ƙasa yana buƙatar shinge mai tsayin aƙalla inci 36. Turakun shingen 4x4 ne, kuma da ƙashin dandamali ake ɗaure su, don haka cikin wannan lissafin suke. In ba a bar fiye da ƙafa 6 tsakaninsu ba, gefuna biyu sun ci uku-uku, gaba ta ƙara biyu a tsakiya, 8 ke nan, matakala ta ƙara kamar 3. Kowanne inci 36 da 1 da 7¼, ƙasa da ƙafa 4, don haka mai ƙafa 8 yana ba da biyu. Guda 6 sun ɗauke 11 har da saura ɗaya.

Mataki na shida: haɗa takardar saye

- 2x8 mai ƙafa 12: guda 13, da ɗaya na ajiya, 14
- 2x8 mai ƙafa 16: guda 2
- 2x8 mai ƙafa 8: guda 4, da ɗaya na guntayen da za a ƙarfafa turakun shinge, 5
- 2x10 mai ƙafa 16: guda 2
- 2x12 mai ƙafa 8: guda 3
- 6x6 mai ƙafa 8 ko 10: guda 1
- 4x4 mai ƙafa 8: guda 6

Za ka ji ana cewa a ƙara kashi 10 cikin 100 na asara. A katakon shimfiɗa da ƙananan yanka wannan shawara ce mai kyau. A kan bim kuwa ba ta da ma'ana, kashi goma na katako biyu ba katako ba ne. Abin da ya fi shi ne ka tambayi kanka wane yanki ne in ya lalace aiki zai tsaya. Haƙarƙari ɗaya na ajiya yana maye gurbin wanda ya fito a lanƙwashe, in bai yi amfani ba ya koma tokara. In kuma wannan ne karonka na farko na yanka haƙoran matakala, ƙara 2x12 ɗaya, ba kunya ba ce.

Wasu masu sayarwa da ƙafar katako suke lissafi. Ana samun ta ne in an buga kauri sau faɗi a inci, yadda sunan katakon yake, sau tsawo a ƙafa, a raba da 12. 2x8 mai ƙafa 12 ya zama 16 ke nan. Inda ake sayarwa da mita kubik, a mayar da awon uku zuwa mita a buga su.

Ƙarafan haɗi ma daga wannan zanen suke fitowa: mazaunin ƙarfe 13 na rataye haƙarƙari a katakon bango, ƙarfe 13 na ɗaure su da bim, mazaunin ginshiƙi 3 a ƙasa, 3 a sama in ba sassaƙa aka yi ba. Shimfiɗa kuwa, ko da yake ba ƙashi ba ce, ga ta a taƙaice: faɗin inci 5½ da ɗan sararin zubar ruwa, a raba 144 da shi, katako 26 masu ƙafa 16.

A wurin saye

Katakon da zai zauna a waje sai wanda aka dura wa magani da matsi, ko itacen da a halittarsa yake jure ruɓa da gara. Maganin ma hawa-hawa ne: akwai na saman ƙasa, akwai wanda aka yi don ya taɓa ƙasa. Ginshiƙai da gindin matakala, da duk abin da zai zauna kusa da danshi, na biyun ake saya musu, araha ba ta ado a nan. Magungunan yanzu yawanci tagulla ce a cikinsu, kuma tana cin baƙin ƙarfe, don haka ƙusa da noti su zama masu kaurin rufin zinki ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Duk inda ka yanka, ka shafa wa bakin magani, saboda na ciki ba lallai ya kai tsakiya ba. Guntayen da suka rage kuma ba a ƙona su, hayaƙinsu da tokarsu guba ne.

In da hali ka zaɓi katakon da hannunka. Ɗaga baki ɗaya ka saita ido ta gefensa har ƙarshe. Ɗan doro ba laifi ba ne, kusan kowane dogon katako yana da shi. Ka yi masa alama da fensir, a wurin aiki a juya doron sama, nauyi zai kwantar da shi. Wanda ya murɗe kamar igiya, ko mai babban kulli a gefen da zai kalli ƙasa, a mayar da shi. Mafi miƙewa a cikin tarin ka ware su don bim, marufi da haƙarƙarin gefe biyu, su ido ke gani. Idan an kawo, a jera su kan guntaye sama da ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakanin layi da layi don iska ta ratsa, a inuwa, kuma a ɗora masu nauyi a sama, domin ɗanyen katakon da aka bari a rana kwana kaɗan yake yi ya fara lanƙwashewa.